Kwanakina a Rishikesh, garin masu jan mantara

Jinyar kawuna ce ta kai ni Indiya. An yi masa aikin gwiwa a wani asibiti a Delhi, likita ya ce sai ya ɗan daɗe yana motsa ƙafar kafin a sallame mu. Da sauƙi ya samu, ɗansa kuma ya iso daga Kano ya karɓe ni, sai Kawu ya ce mini, "Kai ma je ka sha iska. Tun da ka zo ba ka san ko'ina ba sai tsakanin asibiti da masauki." Matar da ke koya masa lanƙwasa gwiwar ce ta ba ni shawarar Rishikesh. Na lura kullum kafin ta taɓa majinyaci takan rufe ido ta ɗan motsa leɓe. Da na tambaye ta sai ta ce mantara take yi, wato wasu kalmomin ibadar addinin Hindu na harshen Sanskirit da ake maimaitawa, kuma in ina son in ji yadda masu abin ke yin sa, in nufi arewa.

Na hau jirgin ƙasa na sassafe daga babbar tashar New Delhi, kafin azahar muna Haridwar. Daga nan zuwa Rishikesh kusan kilomita 25 ne, na ƙarasa a cikin wata babbar a-daidaita-sahu da aka cika mu maƙil. Garin yana jihar Uttarakhand, daidai inda kogin Ganga ke saukowa daga duwatsun Himalaya. Ruwan a nan kore ne shar, ga gudu, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Doka ta hana sayar da nama da giya a garin, don haka shinkafa da miyar wake da gurasar capati su ne abincina har na tafi. A kan gadar Ram Jhula, wadda igiyoyin ƙarfe ke riƙe da ita, mutane da babura da shanu duk hanya ɗaya suke bi, birai kuma na zaune a sama suna jiran mai leda a hannu. Duk bangon da ka duba tallar makarantar yoga ce, yawanci da alƙawarin takardar shaidar malanta bayan karatun sa'o'i 200. Tun 1968, lokacin da mawaƙan Beatles na Ingila suka zo wurin wani malamin Hindu mai suna Maharishi Mahesh Yogi, Turawa ba su daina tururuwa zuwa garin ba.

Ashe ba ni kaɗai ke tashi da asuba a unguwar da na sauka ba. Su ma suna da lokacin da suke girmamawa, kamar sa'a ɗaya da rabi kafin fitowar rana, suna ce masa brahma muhurta. Ina idar da salla sai na ji wani amo mai kauri yana tasowa daga gidan da ke maƙwabtaka da mu, muryoyin maza da yawa sun haɗu sun zama ɗaya. Om suke ja. Ana fara ta da buɗaɗɗen baki, sautin na fitowa daga ciki, a hankali leɓɓa su tattaru, a ƙarshe a rufe baki a bar gunjin yana yawo a hanci da ƙoƙon kai har numfashi ya ƙare. Sai a yi shiru na ɗan lokaci, sannan a sake. Daga baya aka bayyana mini cewa wani ɗan ƙaramin littafinsu mai aya 12 kacal, Mandukya Upanishad, a kan wannan sauti kaɗai ya yi magana. Ya raba shi gida uku, ya danganta na farko da halin farke, na biyu da halin mafarki, na uku da barci mai nauyi, shirun da ke biyo baya kuma shi ne hali na huɗu, wanda mai yoga ke nema.

Na shiga ajin yoga na baƙi a saman wani bene mai kallon kogi. Malamin matashi ne mai fara'a, ɗalibai kuwa daga Jamus, Isra'ila, Koriya, Barazil, kowa da 'yar tabarmarsa ta roba. Kafin a fara motsa jiki ya ce a haɗa tafuka a ƙirji, a ja Om tare, sannan ya riƙa faɗin wasu jimloli ana amsawa. Ni dai na zauna shiru, ban ja ba. Wata Baturiya ta tambaye shi ma'anar abin da suka faɗa, ya ce kada ta damu da ma'ana, girgizar sauti ce kawai mai kwantar da jijiyoyi, babu ruwanta da addini. Amsar ba ta kwanta mini ba, domin a cikin abin da suka rera na ji sunan Shiba da na Ganesha da kunnena, kuma ko a finafinan Indiya da muka tashi muna kallo mun san waɗannan sunayen abin bautarsu ne.

Mai masaukina ne ya haɗa ni da wani dattijon malami da ke koyar da yara karatun Veda, wato tsoffin littattafan addinin Hindu, a wata ƙaramar makaranta ta bayan gari. A can na fi daɗewa, kuma a can na samu abin da ya kawo ni. Yara ne 'yan shekara goma zuwa sha biyar, an aske musu kai ƙwal an bar ɗan tukku a ƙeya, suna ɗaure da mayafi ruwan ɗorawa, zaune a ƙasa sahu biyu suna fuskantar juna. Malam ya faɗi gaɓa, su maimaita sau biyu, ya ƙara. Duk wanda ya taɓa zama a tsangaya zai gane wannan zaman tun daga bakin ƙofa, da rangajin jiki, da ƙaramin da ke leƙen bakin babba don ya kamo inda ya ɓace masa, da kunnen malam da ke tsinto kuskuren yaro ɗaya a cikin hayaniyar ashirin. Abin da ban taɓa gani ba shi ne aikin hannu. Kowane yaro hannunsa na dama na tafiya tare da muryarsa, ya yi sama, ya yi ƙasa, ya yi gefe, gwargwadon hawa da saukar sautin kowace gaɓa. Karatun Veda yana da karin sauti uku, udatta da anudatta da swarita, kuma hannun ne ke tsare yaro kada ya sauka inda ya kamata ya hau.

Na gaishe shi da Acharya-ji, wato malam, kamar yadda na ji ana kiransa, shi kuma ya riƙa ce mini bhai sahab, wato ɗan'uwa. Na tambaye shi dalilin wannan tsanani. Sai ya ba ni labarin da ya ce kowane ɗalibi na ji a shekararsa ta farko. A tsoffin littattafansu akwai wani mai suna Twashtar da Indra, ɗaya daga abubuwan bautarsu, ya kashe masa ɗa. Ya hura wutar hadaya yana roƙon a ba shi wani ɗan da zai kashe Indra, amma wajen furta kalma ɗaya sai ya ɗora karin sautin a gaɓar da ba nan ba, ma'ana ta juye ta koma wanda Indra zai kashe. Aka haifi Writra, Indra kuwa ya kashe shi. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, tunda a bakinmu ma karin sauti ne ke raba kukan yaro da kukar miya.

Sannan ya sa manyan ɗalibai biyu suka nuna mini yadda aka tsare karatun ba tare da takarda ba. Bayan yaro ya haddace aya a jere, sai ya koye ta kalma-kalma. Daga nan ya riƙa haɗa ta bibbiyu, ta ɗaya da ta biyu, ta biyu da ta uku, har ƙarshe. Akwai salon da ake kira jata, inda za a faɗi kalma ta ɗaya da ta biyu, a juyo ta biyu da ta ɗaya, a sake ta ɗaya da ta biyu. Mafi wuya shi ne ghana: 1-2, 2-1, 1-2-3, 3-2-1, 1-2-3, sannan a matsa gaba da kalma ɗaya a sake ginin. Kuma a Sanskirit sau da yawa idan kalmomi biyu suka haɗu sautin da ke mahaɗarsu na canzawa, saboda haka juyawar ba wasa ba ce. Yaran nan suka yi ta zuba shi da sauri, idanu a rufe, ba tuntuɓe. Kalmar da aka ɗaure ta gaba da baya haka ba ta da hanyar zamewa. Da wannan dabara aka riƙe Rigveda, ɗaya daga littattafan Veda, mai waƙoƙi 1,028 daga baki zuwa kunne shekaru wajen dubu uku, kuma a 2003 hukumar UNESCO ta sanya karatun Veda cikin manyan abubuwan gadon ɗan Adam da ake riƙewa da ka. Na fito daga ajin nan ina girmama wahalar da yaran ke sha.

Da muka zauna shan shayi sai na kawo masa maganar da matashin malamin ya faɗa wa Baturiya. Ya girgiza kai. Ya ce shi ba zai ce wa baƙo haka ba, domin mantara addu'a ce, kuma kowace tana da wanda ake nufi da ita. Ya ɗauki Gayatri, wadda ta fi kowace shahara, aya ta 10 a waƙa ta 62 ta littafi na 3 na Rigveda, layi uku, gaɓoɓi takwas-takwas. Ana fuskantar Sawitar da ita, abin bautar da suke dangantawa da rana, mai karantawa na cewa yana tunani a kan haskensa maɗaukaki, yana roƙon ya zaburar da hankulansu. Ana yin ta da ketowar alfijir, da tsakar rana, da faɗuwarta. Ya kawo wata da ake karanta wa marar lafiya, Mahamrityunjaya, ita ma daga Rigveda, wadda ake roƙon mai ido uku, wato Shiba, ya raba mutum da mutuwa kamar yadda gurji ke rabuwa da yaɗonsa idan ya nuna. Hatta kalmar shanti da ake rufe karatu da ita sau uku, ya ce neman aminci ne daga wahala iri uku: wadda ke tasowa daga jikin mutum da zuciyarsa, wadda sauran halittu ke jawo masa, da wadda ke sauko masa daga abin da ya fi ƙarfinsa, irin su ambaliya da fari.

Amma ya yi adalci, ya ce gardamar sauti da ma'ana ba yau aka fara ta ba, tsakaninsu ma tsohuwa ce. Tun kafin haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru wani malami mai suna Kautsa ya ce mantara ba su da ma'ana, ƙarfinsu na cikin furucin ne da jerin kalmomin da ba a taɓawa. Yaska, mai littafin Nirukta, ya yi masa raddi, kuma a littafin nasa ne aka kamanta wanda ya haddace Veda bai san ma'anarta ba da ginshiƙin da aka ɗora wa kaya. Shi kuwa Patanjali, wanda duk makarantun yoga na garin ke jingina da littafinsa Yoga Sutra, ya yanke maganar a aya ta 27 da ta 28 na babin farko. Ya ce Om ita ce lafazin da ke nuni ga Ishwara, wato ubangiji a fahimtarsu, kuma a maimaita ta tare da tunanin abin da take nufi. To in littafin da ake koyarwa a ajin sa'o'i 200 ya faɗi haka ƙarara, daga ina aka samo cewa babu ruwanta da addini?

Nan na tuna masa da Al-Biruni, ya kuwa san shi. Malamin nan Musulmi ya koyi Sanskirit, ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci, kuma wajen shekarar 1030 ya rubuta babban littafinsa a kan Indiya. A ciki ya faɗi cewa Barahmanawa, wato dangin limaman Hindu, na haddace Veda suna karantawa alhali da yawansu ba su san ma'ana ba, ba sa kuma son a rubuta ta saboda da kari ake karanta ta, kuma suna buɗe littattafansu da Om kamar yadda muke buɗe namu da Bisimilla. Ya bayyana addinin mutanen yadda suke riƙe da shi, bai rage ba, bai ƙara ba, bai kuma bar nasa ba. Shekaru kusan dubu ke nan, kuma ban ga hanyar da ta fi tasa kyau ga baƙo ba.

Ba kowa ne ke da halin karatun Veda ba. Abin da talaka ke yi shi ne japa, maimaita gajeriyar mantara da carbi. Na zauna a matakalar bakin kogi kusa da wata tsohuwa mai farin sari, na daɗe ina kallon hannunta. Carbin yana cikin wata 'yar jakar ƙyalle da ta rataya a wuya, hannunta na dama a ciki, yatsan manuni kaɗai ya leƙo ta wata kafa, domin ba a taɓa carbin da shi. Da babban yatsa da na tsakiya ake ja. Ƙwayoyin 108 ne, da wata babba guda da ake kira meru wadda ba a tsallakawa. In an iso gare ta sai a juya carbin a komo baya. Masu bautar Shiba sun fi riƙe na 'ya'yan itacen rudraksha masu kaushi, masu bautar Bishnu da Krishna kuma na icen tulsi. Leɓɓanta na motsi amma ko ni da ke dab da ita ban ji komai ba. Japa hawa uku ce a wurinsu, ta bayyane, ta raɗa, da ta zuci, kuma ta zucin suka fi ɗaukakawa. Yara na wanka suna ihu, mai sayar da furanni na kiran ciniki, saniya ta zo ta shinshina kwanonta ta wuce, tsohuwar nan ba ta ɗaga kai ba.

A ƙetaren gada akwai ashiram ɗin Swami Sivananda, wato gidan ibada da karatu inda almajirai ke zaune. Shi likita ne da ya yi aiki a Malaya, ya bar aikin ya zo Rishikesh a 1924, ya kafa ƙungiyar Divine Life Society a 1936, ya rasu a 1963. A wani zaure na gidan ana rera mantarar Hare Rama Hare Krishna dare da rana tun watan Disamba na 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, da niyyar neman zaman lafiya. Karɓa-karɓa ake yi. Lokacin da na leƙa, mutum ɗaya ne tal a ciki, wani dattijo mai siririyar murya, ba mai kallo, ba mai ɗaukar hoto. Wannan ya fi taɓa ni fiye da taron fitilu na ashiram ɗin Parmarth Niketan da ake yi kullum da faɗuwar rana, duk da kyansa, da ƙararrawa da turare da ɗaruruwan wayoyi a sama.

Masu cewa mantara na kwantar da jiki ba ƙarya suke yi ba. A 2001 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta buga binciken Luciano Bernardi da abokan aikinsa na Italiya, inda suka ga cewa jan mantara da kuma addu'ar carbin Katolika da Latin duk suna sauko da numfashi zuwa kusan sau shida a minti, abin da ke daidaita bugun zuciya. Amma binciken da kansa ya nuna amfanin na tafiya ne da tsawon numfashi, tunda addu'o'in addinai biyu daban sun ba da sakamako iri ɗaya. Wanda natsuwar jiki kawai yake nema zai same ta ba sai ya kira sunan abin bautar wani ba. Malaman Musulunci a Asiya sun daɗe da rarrabe wannan. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda abin da ke cikinta na ibadar Hindu, a 2009 kuma majalisar malaman Indonesiya ta hana wadda ake haɗawa da mantara, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. A Indiya ma, da za a yi bikin ranar yoga ta duniya karo na farko ranar 21 ga Yuni 2015, ƙungiyoyin Musulmi sun yi ƙorafi, gwamnati ta cire salon yogar da ake kira gaisuwar rana daga tsarin bikin, ta ce jan Om ba dole ba ne.

Abin da ya dame ni da amsar matashin nan shi ne ta tauye ɓangare biyu. Ta sa baƙuwa furta roƙon da ba ta san tana yi ba, ta kuma mayar da abin da tsohuwar bakin kogi ta ba wa rayuwarta wani ɗan share fage kafin miƙe ƙafa. Dattijon da ya ce mini addu'a ce, ga wanda ake roƙo, ga abin da ake roƙa, shi ne ya mutunta ni, ya mutunta addininsa. Da na gaya masa ni Musulmi ne, zan saurara amma ba zan furta ba, bai ɓata rai ba. Ya ce a al'adarsu ma ba a ɗaukar mantara a kan hanya, malami ne ke ba ɗalibi bayan ya shirya, kuma Gayatri a kunne ake raɗa wa yaro ranar da aka rataya masa zaren tsarki.

Wannan zaren kuwa yana da nasa tarihin mai ɗaci. Ƙarnuka da yawa 'ya'ya maza na manyan dangogi uku kaɗai ake rataya wa shi, mata da 'yan ƙananan dangi an hana su karatun Veda. A hanyata ta komawa na tsaya a Shantikunj da ke Haridwar, cibiyar da Shriram Sharma ya kafa a 1971 da manufar cewa Gayatri ta kowa ce, ba bambancin dangi ko jinsi. A can na ga mata sanye da ruwan ɗorawa su ne ke jagorantar karatu a gaban wutar hadaya, maza na amsawa, ana zuba man shanu a wuta a ƙarshen kowace aya.

Daga nan na tari a-daidaita-sahu zuwa Jwalapur, unguwar da Musulmi ke da yawa, don in samu Juma'a kafin jirgin yamma. A gaban direban akwai wani ɗan akwatin lantarki da bai fi tafin hannu ba, yana ta maimaita Gayatri ba tsayawa, irinsa na cike a shagunan bakin kogi. Na ce masa, "Bhai sahab, wannan na'urar tana ɗauke maka naka karatun ne?" Ya ce a'a, ita tunatarwa ce kawai, kuma tana hana shi zagin masu babur. Nasa yakan yi shi da bakinsa da asuba bayan ya yi wanka, zagaye ɗaya na carbi, kafin ya fito neman abinci. Ya sauke ni a bakin layin masallacin, ya nuna mini inda ake alwala, ana kiran salla na farko.